Mutumin da na biya ya lissafa min tan ɗin injin roba a Dakata, ga yadda muka ƙare

Wata uku kenan ina cewa zan rubuta wannan abin ban samu zama ba, sai jiya da wani maƙwabcin shagona ya tare ni yana tambaya wai da gaske ne akwai mutumin da ake biya kuɗi don kawai ya faɗa maka inji mai tan nawa ne zai buga maka kayan roba, wato ƙarfin da injin ke damƙe mol da shi lokacin bugu. Eh akwai shi, ni na biya, kuma zan faɗi daɗin da na ji da inda ya ɓata min rai, sunansa ne dai ba zan sa ba tunda bai ce in tallata shi ba, mu dai Injiniya muke ce masa.

Ni sana'ata sayar da kayan roba a Sabon Garin Kano, bokiti, baho, kofi, faranti, kwando, ina sara daga kamfanonin Sharada da Challawa da Bompai ina ba 'yan ƙauye da masu kaiwa Wudil da Ɗambatta. Bara sai zuciya ta raya min cewa ai kullum kai ne mai saye a hannun wani, me zai hana ka mallaki mol naka, wato ƙarfen da ake zuba narkakkiyar roba a ciki ta fito da siffar kaya, ka riƙa kai shi kamfani suna buga maka kana biyan kuɗin bugu. Sai ga wani mol na hannu ya faɗo, na tire mai zagaye irin wanda mata ke rabawa a biki a manna masa sitika, faɗinsa santimita 36, gurbi ɗaya, wato tire ɗaya yake fitarwa a kowane bugu. Na duba ba tsatsa ba tsagewa, na biya, ina ta murna kamar na tsinci dami a kala.

Na kai shi wani ƙaramin kamfani a Sharada da nake hulɗa da su. Manajan ya ɗauki samfurin tiren ya ɗora a sikeli, ya ga giram 200 da 'yan kai, ya ce Alhaji ai wannan ba komai ba ne, injinmu mai tan 200 yana zuba abin da ya fi haka, kawo roba kawai. Na kawo buhunan PP, irin robar da ake yin waɗannan kayan da ita. Da ƙyar ma aka cusa mol ɗin tsakanin sandunan injin guda huɗu, amma ban kawo komai a raina ba. Aka fara bugu, wallahi duk tiren da ya fito sai ka gan shi da gemu a baki, wato wannan siririyar robar da ke tsartuwa ta gefen mol wadda ofaretoci ke ce wa filash. Ofaretan ya rage ƙarfin turawa sai tiren ya daina cika, gefe guda ya fito a gutsure kamar ɓera ya ci. Ya ƙara, gemu ya dawo. Haka muka kwana biyu, ƙarshe aka zaunar da yara uku da reza suna aske bakin tire ɗaya bayan ɗaya, kuma duk wanda ya san kasuwar mata ya san ba za su ɗauki tiren da bakinsa ke yankar hannu ba. Manaja ya ce laifin mol ɗina ne, wanda ya sayar min ya ce laifin injinsu ne, ni kuma na tsaya a tsakiya kuɗina na narkewa.

A nan ne wani direban da ke mana dako ya ce in je Dakata in nemi Injiniya. Wurin nasa ba wani ofis ba ne, shago ne ɗan ƙarami a layin masu niƙa roba, ƙarar injin niƙa ba ta barin ka ji maganar na kusa da kai, ciki akwai benci ɗaya, tebur, da tarkacen hita da bawul. Dattijo ne, ya yi shekaru yana gyaran injinan allurar roba a manyan kamfanoni kafin ya koma cin gashin kansa. Na miƙa masa tiren na fara ba shi labarin nauyi, giram kaza, sai ya ɗaga min hannu ya ce Alhaji ajiye maganar nauyi tukuna, nauyi yana gaya maka ko cikin injin zai ɗauki robar ne, ba ya gaya maka ko hannunsa zai iya riƙe ƙofar mol a rufe.

Abin da ya yi bayan nan shi ne ya sa nake ganin kuɗina bai tafi a banza ba. Ya rufe ƙofar shago, ya kunna fitilar waya ya ɗaga ta sama, ya riƙe tiren a kwance a ƙarƙashinta, ya ce duba ƙasa. Inuwa ce zagayayya a kan siminti. Ya ce to wannan inuwar ita injin yake faɗa da ita. Lokacin da narkakkiyar roba ta shiga mol da ƙarfi tana tura ɓangarorin biyu ne tana son ta buɗe su, kuma iya faɗin inuwar kayan ta fuskar da mol ke buɗewa iya yawan wurin da take turawa. Ya ce ka taɓa toshe bakin tiyo da babban yatsa ruwa na zuwa? Za ka iya. To je ka toshe bakin babban bututun ruwa da tafin hannu, ƙarfin ruwan ɗaya ne amma sai ya watsar da kai, don faɗin ya ƙaru. Ni da na bar lissafi tun sakandare sai ga shi na gane a minti biyu.

Sannan ya jawo guntun kwali ya fara rubutu. Faɗi 36, rabinsa 18. 18 sau 18 sau 3.14 ya ba da wajen 1,017, wato murabba'in santimita na inuwar. Ya sa abin awo ya auna kauri, milimita 2. Ya duba inda robar ke shiga, a tsakiyar tiren ne, kenan za ta yi tafiyar santimita 18 da ɗan ɗori kafin ta kai baki. Ya ce da PP a irin wannan kauri da wannan nisa zai ɗauka matsin cikin mol ya kai ba (bar) 300, kuma kowane ba kusan kilo ɗaya ne a kan kowane murabba'in santimita. Na ce mene ne kuma ba? Ya ce abin da mai faci ke aunawa a tayar motarka, tayar ƙaramar mota ba biyu da 'yan kai ce, kaga 300 ba wasa ba ne. 1,017 sau 300 ya zama kilo 305,100, a raba da dubu, tan 305. Ya ƙara kashi 10 cikin ɗari na ko-ta-kwana ya tashi wajen 336. Ya ajiye biro ya ce kai kuma ka kai shi inji mai 200, ai ko waliyyi ne ofaretan sai ya yi gemu.

Don in ji abin a jikina ya ce tirelar siminti mai buhu 600 tan 30 ce, to tirela goma ce ke tura ƙofar mol ɗinka duk bugu ɗaya, kai kuma ka sa mai ƙarfin tirela shida da rabi ya tare. Na yi dariya amma ta takaici ce.

Ya kuma nuna min hanyar da Amurkawa ke yi, su da inci suke aiki, suna cewa tan 2 zuwa 5 a kowane murabba'in inci gwargwadon irin robar. Murabba'in inci ɗaya 6.45 ne na santimita, kenan tirena wajen 158 ne, in ka ba shi tan 2 ya zama 316, kusan wuri ɗaya aka sauka. Ya ce irin robobin PP da PE da PS masu saurin gudu suna ƙasa-ƙasa a wannan ma'aunin, irin su PC mai tauri da ake gilashin fitilar mota da shi suna can sama, don sai an matsa musu sosai kafin su cika mol. Ya ja min kunne cewa tan ɗin Amurka kilo 907 ne ba dubu ba, kada in ga takardar wani inji in rikice. Haka kuma injinan Chana da suka cika garin nan galibi da wani ma'aunin ƙarfi mai suna kN suke rubutawa, irin injin Haitian ɗin da ake yi a Ningbo in ka ga MA2000 to kN 2,000 ne, ka cire sifili ɗaya, tan 200 kenan. Shekara da shekaru ina shiga kamfanoni ina ganin lambobin nan a jikin inji ban taɓa sanin abin da suke nufi ba, na ɗauka lambar samfurin inji ce kawai.

Abin da ya fi burge ni shi ne bai tsaya a kwali ba. Ya ce lissafin nan kintace ne na mai hankali, gaskiyar tana bakin inji. Ya ba ni wurare uku masu inji daga tan 350 zuwa sama ya ce in zaɓa da kaina in yi ciniki da kaina, shi ba ya karɓar kamasho a wurinsu. Ko gaskiya ne ko a'a Allah masani, ni dai ban ga alamar ya tura ni wuri ɗaya dole ba. Na zaɓi wani a Challawa mai 380. Ranar gwaji ya zo da ɗan sikelinsa na dijital, aka ɗaure mol, aka saita har tire ya fara fita tas babu gemu babu gutsurewa. Ni a nan na so a tsaya a ci gaba da bugu, shi kuma ya ce a'a yanzu aka fara. Ya sa ofareta ya riƙa rage ƙarfin damƙar kaɗan-kaɗan, duk ragi sai a buga guda biyar a auna. Nauyin ya tsaya cak wuri ɗaya har aka sauko wajen 290, daga nan sai ya fara hawa, giram ɗaya, biyu, tun ido bai ga komai a bakin tiren ba. Ya ce ka gani, mol ya fara numfashi, ƙofa na ɗan buɗewa roba na ƙaruwa, gemu na hanya. Sai ya mayar da shi 320 ya ce a bar shi nan.

Na tambaye shi to me ya sa ba za a ƙure shi a 380 ba kowa ya huta, ai yawan ƙarfi ba ya ɓaci. Ya kalle ni kamar na zagi wani nasa. Ya ce a bakin mol akwai wasu 'yan hanyoyin iska da aka goge, zurfinsu bai wuce kashi biyu ko uku cikin ɗari na milimita ba, ko gashin kai ya fi su kauri, ta nan iskar da ke cikin gurbi take gudu in roba ta shigo. In ka matse fiye da kima sai ka murƙushe su, iska ta rasa hanya, ta matsu ta yi zafi ta ƙona bakin kayan ka ga baƙi-baƙi, ko ta hana shi cika. Sannan bakin mol ɗin yana daddagewa a hankali, wata rana ko ka sa shi a inji mai tan dubu sai ya yi gemu saboda fuskar ta lalace. Ga wuta da ake sha a banza, ga kuɗin bugu a babban inji ya fi tsada. Ya ce ya sha ganin ƙaramin mol an ɗaura shi a ƙaton inji har farantin injin da ake ɗaura mol a jiki ya lanƙwashe, don mol ya kamata ya cinye kamar kashi biyu cikin uku na tsakanin sandunan nan huɗu, in ya yi ƙanƙanta ƙarfin sai ya taru a tsakiya.

Toh bari in zo inda ya ba ni haushi, don kada a ce talla nake.

Mutumin nan ba ya riƙe lokaci. In ya ce maka ƙarfe goma ka sa ran bayan azahar. Ranar gwajin Challawa tun tara aka kunna hita, injin mutane na zaune, manajan wurin na ta kallon agogo yana kallona, shi bai iso ba sai sha biyu da rabi wai wani inji ya tsaya masa a Tokarawa. Waya kuwa sai ka kira sau biyar, WhatsApp ya ga saƙo ya yi shiru kwana biyu. Ba ya ba da rasit, ba ya ba da takarda mai tsari, duk lissafin da na biya kuɗi a kai yana kan guntun kwalin taliya ne da rubutu kamar tafiyar kaza, sai da na ɗauki hoto na zo gida na sake kwafa a littafi. Wanda zai kai wa banki ko abokin haɗin jari wannan kwalin ai sai a yi masa dariya. Kuɗin mota ma daban yake karɓa kuma bai faɗa min tun farko ba, sai da muka gama ya ce Alhaji na mai fa. Kuma yana da baƙar magana, in ka yi tambayar da yake ganin ta wauta ce sai ya yi tsaki kafin ya amsa, a gaban yaran kamfani ma. Ni dai na shanye don ina so.

Wani abin kuma, ba shi da manhajar kwamfuta irin Moldflow da manyan masu ƙera mol ke amfani da ita suna ganin yadda roba za ta gudana tun ba a yanka ƙarfe ba. Shi da kansa ya faɗa, ya ce in kayanka mai sarƙaƙiya ne, mai haƙarƙari da yawa ko mai ƙarfen da ke zamewa ta gefe, to ka ce wa masu ƙera maka a Chana su haɗo maka da rahoton manhajar, shi nasa na kayan gida ne. Wannan na yaba masa, bai yi da'awar abin da bai iya ba. Ka kuma lura lissafinsa ya ɗan haura, ya ce 305 inji ya nuna 290 ma ta riƙe, amma gara hakan da a ce ya gaza.

Bayan sati biyu gemu ya ɗan dawo, na kira shi a fusace. Tambayar farko da ya yi min, ka canza roba? Na yi shiru, don kuwa na haɗa da niƙaƙƙiya da na saya a nan Dakata don in rage tsada, rabi da rabi. Ya ce sabuwar PP ta buhu irin ta Indorama da ke Eleme an san gudunta, akwai lambar da ke nuna saurin narkewarta kuma kowane buhu kusan ɗaya ne, amma niƙaƙƙiya yau ta zo da tauri gobe ta zo kamar koko, tunda abin da 'yan jari bola suka tsinto ne aka haɗa. In ta yi ruwa tana tsartuwa ta 'yar ƙaramar kafa, in ta yi tauri ofareta na ƙara matsi ƙofa na buɗewa. Ya ce in rage ta zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, a ɗan sauke zafi, a ƙara damƙa kaɗan. Aka yi, ya ɗauke. Wannan shawarar ta waya ce bai karɓi ko sisi ba, shi ya sa na yafe masa kuɗin man.

Da na ga abin ya yi kyau sai na koma masa da maganar kofi kafin in biya kuɗin mol, wannan karon na yi hankali. Kofi mai baki santimita 8, zurfi 10, gurbi huɗu. Ni a tunanina tunda yana da zurfi zai ci tan da yawa. Ya sake kunna fitilar nan ya haska ta bakin kofin, inuwar 'yar ƙarama, 4 sau 4 sau 3.14, wajen 50. Sau huɗu 200, ya ƙara kamar 20 na magudanar da ke raba roba zuwa gurabun, don ita ma tana tura ƙofa kuma mutane na mantawa da ita, 220 kenan. Zurfi ba ya shiga inuwa, amma ya ce yana shigowa ta bayan fage, don bangon kofin milimita 1 ne kuma tafiyar robar daga gindi zuwa baki doguwa ce, tana saurin daskarewa a hanya, dole a tura da ƙarfi, sai ya ɗauki matsin ba 400 maimakon 300. 220 sau 400 tan 88, da ko-ta-kwana wajen 97, ya ce nemi mai 120. Kaga kofi huɗu a bugu ɗaya ba su kai sulusin abin da tire ɗaya ke nema ba. Ya ce amma in tabbatar injin yana buɗewa da nisa yadda kofin zai fita, kuma nauyin bugun kada ya gaza kashi 20 ko ya wuce kashi 80 na abin da cikin injin ke ɗauka, in ya yi kaɗan roba na daɗewa a zafi tana lalacewa, in ya yi yawa ba ta gama narkewa daidai. Kwando kuwa ya ce ana cire ramukan daga inuwa tunda haske na wucewa ta cikinsu.

Akwai maganar da ya yi a kan tsofaffin injina da nake ganin duk mai shirin sayen na hannu ya kamata ya ji. Ya ce lambar da ke jikin inji ta ranar da ya fito daga kamfani ce. Injin da ya yi shekara ashirin gwiwoyinsa masu matse mol sun ci, fil-fil ɗin sun sake, wani ma sandarsa ɗaya an taɓa yi mata walda, yana iya cewa 250 alhali abin da yake bayarwa bai kai ba, ko ya matse gefe ɗaya ya bar ɗaya, sai ka ga gemu kullum ta kusurwa guda. Yana da agogon awo da yake ɗaurawa a sandunan ya ga yadda kowacce ke miƙewa in an kulle, in huɗun ba su zo ɗaya ba ya san akwai magana. Wannan aikin kuɗinsa daban ne kuma ni ban sa shi ya yi min ba tunda ba inji zan saya ba, amma na ga yana yi wa wani a Sharada.

Kuɗin da ya karɓa a wurina duka, lissafi da zuwa gwaji da na man da ya ɓullo da shi daga baya, bai kai kuɗin buhun PP uku ba, ni kuwa a kwana biyun farko na Sharada abin da na lalata ya fi buhu goma banda kuɗin bugu da na yaran reza. In maki ake bayarwa, a sanin aiki na ba shi tara cikin goma, a riƙon alƙawari uku ma na yi masa kara. In za ka je wurinsa ka tafi da samfurin kayan a hannu ba hoto ba, ka san irin robar da za ka yi aiki da ita da gaske, kada ka ce masa sabuwa alhali niƙaƙƙiya ce a ranka, ka tafi da littafinka ka rubuta da kanka, kuma ku yi maganar kuɗin mota tun a shago.

Yanzu haka akwai mol ɗin murfin bokiti mai lita 20 da ake min tayi a Bompai, mai shi yana ta rantsuwa wai a inji mai 160 suke buga shi. Na auna faɗin murfin da tef na yi lissafin inuwar da kaina a bayan rasit, abin da na samu ya wuce 200 nesa ba kusa ba. Na tura wa Injiniya hoton lissafin tun ranar Talata in ji ko na yi daidai, ya buɗe saƙon, yau Juma'a har yanzu bai ce komai ba.